Tsohon keken tsere na Peugeot: gane samfurinsa da mayar masa da kayan zamaninsa

Sani Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wani tsohon keken tsere na ƙarfe da na saya a wurin masu kekunan gwanjo waɗanda ake shigowa da su ta Kwatano. Firam ɗin fari ne, kwalayen ƙarfen da suka haɗa bututun gaba baƙaƙe ne masu yankan ado, akwai zakin Peugeot a goshinsa, sannan a bututun da sandar sirdi take shiga akwai zanen ƙananan murabba'ai baƙi da fari. A saman wannan bututun akwai ragowar wata sitika da ta kusa gogewa, amma ana iya karanta lamba 531 a jikinta. Rabin fok na ƙasa da ƙarshen ƙafafun firam na baya duk an yi musu rufin kurom, ko da yake tsatsa ta fara cin su. A jikin kiranki an rubuta Stronglight, a birki an rubuta Mafac Racer, giyar baya Simplex ce, wuyan da yake riƙe da kan keken kuma AVA ne. Wilolin dai a fili yake ba nasa ba ne, domin rim ɗinsu na ƙarfe ne mai nauyi, sirdin ma na roba ne irin na yanzu. Mai sayarwa ya ce mini PX-10 ne, wato babban samfurin keken tsere na Peugeot a wancan zamani, amma na san ɗan kasuwa ba ya kushe hajarsa. Tambayoyina biyu ne: ta yaya zan tabbatar da samfurinsa da shekarunsa, kuma idan ya tabbata shi ne, da waɗanne kaya ya kamata in mayar da shi yadda yake a zamaninsa?

Injiniya Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kafin a kai ga maganar suna, ka ajiye sitikar a gefe, domin a yau ana buga sababbin sitikun ƙarfen Reynolds 531 irin wadda ka gani ana sayarwa, kuma kowa yana iya manna su a firam ɗin da ya ga dama. Ka nemi ma'aunin kauri irin na masu aikin injin yankan ƙarfe, wanda yake nuna kashi ɗaya cikin goma na milimita, ka auna abubuwa huɗu. Bututun sama na keken Faransa na wancan lokaci milimita 26 ne, bututun ƙasa da na sirdi kuma milimita 28, alhali na Ingila 25.4 ne da 28.6. Wannan zai nuna maka ƙasar da aka ƙera shi kawai. Abin da zai nuna maka ingancin ƙarfen shi ne kaurin sandar sirdi. Idan ta kai milimita 26.4 ko 26.6 a cikin bututu mai faɗin 28, to bangon bututun bai kai milimita 1 ba, kuma ƙarfe mai rahusa ba ya jure a sirantar da shi haka. Reynolds 531 ƙarfe ne da aka gauraya da manganis da molibdenam, wanda kamfanin ya fara fitarwa a Birmingham a 1935, kuma bututunsa sun fi kauri a bakunansu inda ake haɗawa, sun fi siranta a tsakiya. Na huɗu shi ne tazarar da ke tsakanin kunnuwan baya inda aksil yake zama, wadda ya kamata ta kasance milimita 120 idan ba a taɓa buɗa ta ba.

Yusufu Liyon:
Abin da Injiniya ta faɗa shi ne tushe, sai dai akwai abin da ma'auni shi kaɗai ba zai raba ba. A nan Faransa kusan duk farin Peugeot da aka fito da shi kasuwar tsofaffin kaya sai a kira shi PX-10, saboda kamfanin da gangan ya riƙa yi wa ƙananan samfuransa fenti da sitiku masu kama da na ƙungiyar tserensa. Mafi yawan abin da ake gani shi ne keken talakawa wanda aka sayar a Amurka da sunan UO-8, kuma gane shi ba wuya: kirankinsa na ƙarfe ne mai kotafin, kunnuwansa na baya falle ne da aka datse da inji, sitikarsa kuma tana cewa bututun Peugeot ne, ba Reynolds ba. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne PR-10, domin manyan bututunsa guda uku na Reynolds 531 ne, don haka sandar sirdinsa za ta iya ba ka awo irin na PX-10, amma fok da ƙafafun baya na ƙarfen gama-gari ne, kuma galibi ba a yi wa ƙafafunsa na baya kurom. Saboda haka kurom ɗin da ka ambata a baya alama ce mai kyau. Ka duba kunnuwan baya da kyau: na PX-10 masu kauri ne, ƙirar maƙera, an buga sunan Simplex a jikinsu, kuma na dama yana da harshen da giya take rataya a kai, wanda raminsa ba shi da tiredi.

Game da shekara kuwa, ina ba ka shawara kada ka ɗora wa lambar firam nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Lambobin Peugeot na kafin ƙarshen shekarun 1970 ba su bin tsari ɗaya da za a dogara da shi, kuma a farkon shekarun 1970 a kan wani ɗan falle ake buga su a maƙala shi da kusoshi a ƙarƙashin gidan aksil na feda, wanda sau da yawa yakan ɓace. Masana sun fi dogara da haɗuwar alamu: siffar kwalaye, salon sitiku, da lambobin wata da shekara da akan samu a jikin wasu kayan, misali a cikin kejin giyar Simplex.

Sani Maraɗi:
Na gode ƙwarai, Injiniya da Malam Yusufu. Ga abin da na samu. Bututun sama 26 ne, na ƙasa da na sirdi 28, sandar sirdi 26.4, tazarar baya kuma 120 cif. Kunnuwan suna da kauri, sunan Simplex yana nan a jikinsu bayan na goge dattin, kuma ramin harshen sumul yake, daga baya ake ɗaure giyar. A ƙarƙashin gidan aksil akwai ƙananan ramuka biyu inda fallen lamba ya kasance, amma fallen babu. Kirankin na alminiyam ne mai yatsu biyar, faifan haƙoransa 52 da 45. A ƙarshen aksil ɗin feda ɗaya akwai harafin D, a ɗaya kuma G. Niyyata ita ce in kai shi wurin mai gyaran keke a wargaza shi gaba ɗaya a wanke, domin giris ɗin ciki ya daskare har feda ba ta juyawa da sauƙi.

Baba Ɗanladi Kano:
Yaro, Allah ya sanya alheri a wannan ciniki, amma ka dakata da maganar kai shi a wargaza har sai ka ji abin da zan gaya maka. Mu da muka tashi a kan Raleigh da Phoenix, hannunmu ya saba da abu ɗaya: kofin boris na gefen sarƙa tiredinsa na hagu ne, don haka idan za mu kwance shi sai mu juya shi ta inda ake ɗaure noti. Keken Faransa ba haka yake ba. Kofunansa duka biyu tiredin dama ne, awon 35 da 1, wato kaurin milimita 35 da tazarar tiredi milimita 1, kuma na gefen sarƙa ana kwance shi yadda ake kwance kowane noti. Mai gyaran da bai san wannan ba zai sa sifana ya yi ta ɗaure shi yana zaton kwancewa yake yi, idan ya ƙi sai ya ƙara bututu a hannun sifanar, idan ya ƙi sai ya ɗauko guduma da kurfi, daga nan kuma sai a ce a kai wa mai walda ya gasa shi. Firam irin wannan da tagulla aka liƙe mahaɗansa, ba a yi masa walda ba, kuma wutar da ta wuce kima tana lalata shi.

Abu na biyu ya fi wannan haɗari, domin ba a ganin ɓarnarsa sai ta auku. Kofin da ake sayarwa a kasuwanninmu na awon Ingila ne, ya ɗan gaza na Faransa kauri, saboda haka a gefen hagu zai shiga zagaye biyu ko uku lafiya lau, sannan ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ce tsatsa ce, ya tilasta shi, ya cinye tiredin firam ɗin. Haka fedar take. Waɗannan haruffa D da G da ka gani dama da hagu ne a Faransanci, kuma suna nuna cewa tiredin fedar 14 da 1.25 ne, fedar kasuwa kuwa ta fi ta kauri kaɗan. Ko Raleigh ɗin da muke alfahari da shi yana da nasa tiredin na 26 a inci wanda ba ya shiga da na sauran kekunan Ingila, to balle na wata ƙasa. Idan kofunan ciki ba su rarake ba, a wanke su da kananzir, a sa sababbin boris da giris, a mayar da su inda suke. Na gefen sarƙa ma in ya yi kyau kada a cire shi sam, a wanke shi yana wurinsa.

Yusufu Liyon:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Zan ƙara abu ɗaya a kan nasa, domin kafin a kai ga kofunan sai an cire kiranki, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ramin da ake ɗaura abin zare kiranki a Stronglight na da milimita 23.35 ne, na kamfanin TA 23 ne, na sauran duniya kuma 22. Na 22 ba ya kamawa, don haka ba ya ɓarna. Na 23 shi ne mugun, domin yana kamawa kamar daidai, sai an matsa sannan ya tsige tiredin alminiyam ɗin gaba ɗaya. Kada ka yarda a taɓa shi sai da na 23.35, ko da za ka jira a aiko maka da shi.

Bisa abin da ka bayyana, ni na gamsu PX-10 ne, kuma haɗuwar kwalayen Nervex masu ado, da kirankin Stronglight 93, da birkin da aka buga wa Racer, da ramukan fallen lamba, tana sa in ajiye shi a farkon shekarun 1970. Abin da ya rage ka nema shi ne wiloli masu hob na Normandy Luxe Competition da rim ɗin alminiyam na Mavic ko Super Champion irin wanda ake manna wa taya da gam, firiwil mai faifai biyar daga haƙora 14 zuwa 21, sirdin fata na Brooks Professional ko Idéale, kejin yatsun ƙafa na Christophe da maɗaurin fata, da kaset ɗin auduga na naɗe kan keke. Ka lura da cewa hob ɗin Faransa ma tiredin firiwil ɗinsa dabam ne, 34.7 da 1, don haka gara ka sayi hob da firiwil tare. A ra'ayina keken da ya kai shekara 50 da yawancin kayansa na asali ya cancanci a cika masa sauran yadda ya fito daga masana'anta, ba tare da an sauya ko da noti ɗaya ba.

Bashir Kumasi:
Da izinin manya, a nan ne na saba da Malam Yusufu. Malam Sani bai ce zai rataye keken a bango ba, kuma wanda zai hau keke dole ya tambayi abin da kowane ƙarfe zai yi masa a kan hanya. Wuyan AVA na wancan zamani ya yi ƙaurin suna a tsakanin masu tsofaffin kekuna saboda yakan tsage a saman tsagar da ke ƙasansa, a cikin fok inda ido ba ya gani, kuma wuya idan ya karye ba ya sallama. Giyar Simplex kuma tun 1962 kamfanin ya koma yin jikinta da robar Delrin, wadda take bushewa da tsufa da rana, musamman maɗaurin giyar gaba. Sannan 45 a gaba da 21 a baya giya ce ta matashin ɗan tsere, ba ta mai iyali ba, kuma ƙaramin faifan da Stronglight 93 yake karɓa ba ya sauka ƙasa sosai, saboda da'irar kusoshinsa milimita 122 ce.

Akwai kuma tambayar da nake so a amsa mini: me ake nufi da kayan zamaninsa? Mutanen da suka sayi waɗannan kekuna sababbi a shekarun 1970 da yawansu sun cire Simplex ɗin roba sun sa SunTour ta Japan, wadda ta fi ta sauya giya da kyau. Ƙungiyar Peugeot kanta, lokacin da Bernard Thévenet ya ci gasar Tour de France a 1975 da 1977, da Simplex Super LJ ta alminiyam take tsere. Labari ne sananne kuma a wurin masana cewa Eddy Merckx, wanda ya ci tseren Milan zuwa San Remo a 1966 da 1967 sanye da rigar Peugeot, ya hau firam ɗin da Faliero Masi ya ƙera masa a Milan aka yi masa fentin Peugeot. Idan zakarun da suka ɗaukaka sunan keken ba su ɗauki takardar kayan masana'anta a matsayin wahayi ba, ban ga dalilin da zai sa Malam Sani ya ɗauke ta haka ba.

Injiniya Hadiza:
Maganar wuya ba ta ra'ayi ba ce, Malam Bashir yana da gaskiya a kanta. Tsagar da ke ƙasan wuyan tana ƙarewa da kusurwa mai kaifi, kuma a irin wannan kusurwa ce ƙarfi yake taruwa duk lokacin da aka ja kan keke, har alminiyam ɗin ya gaji ya fara tsagewa. Ka zare shi, Malam Sani, ka wanke shi da kananzir, ka duba saman tsagar da gilashin ƙara girma a cikin hasken rana. Wasu sukan huda ɗan rami zagayayye a ƙarshen tsagar don ƙarfin ya bazu, wanda dabara ce mai ma'ana ga wuyan da bai fara tsagewa ba, amma ba ta warkar da wanda ya riga ya fara. Ni dai da nawa ne, zan ajiye shi a akwati in sa wani. Wuyan Faransa milimita 22 ne, na sauran kekuna 22.2, kuma wannan ɗan bambanci ana iya cinye shi da takardar yashi a jikin sabon wuyan, ba a cikin fok ba.

A wurina ma'aunin da ya raba gardamarku shi ne ko ana iya komawa baya. Sauya wuya, ko wili, ko firiwil, abu ne da sifana take warwarewa a yini ɗaya. Amma SunTour ɗin da aka ambata ba ta hawa harshen Simplex sai an yanka masa tiredi na milimita 10 an kuma goge masa mazauni da zarto, kuma ƙarfen da aka goge ba ya dawowa. Haka buɗa ƙafafun baya zuwa 130 don wilin zamani, haka sake yanka gidan aksil, haka kuma fenti.

Yusufu Liyon:
Na karɓi maganar wuya, da sharaɗin a nemi na Faransa na shekarun, irin su Atax ko Philippe, domin suna nan da yawa kuma ba sai an goge komai ba, ga shi kuma bakinsu milimita 25 ne daidai da kan keken. Super LJ ma ban ƙi ta ba, tunda akwai wadda aka yi don harshen Simplex. Abin da ba zan karɓa ba shi ne hujjar Merckx. Shi ɗan tsere ne da ake biya don ya ci gasa, keken a wurinsa kayan aiki ne na kaka ɗaya, alhali abin da ya sa wannan firam yake da daraja a yau shi ne kasancewarsa shaida a kan yadda masana'antun Faransa suke aiki a lokacin: bututu daga Birmingham, giya daga Dijon, birki daga Clermont-Ferrand, kiranki daga Saint-Étienne. Duk ƙarfen da aka cire an rage wani abu daga wannan shaida.

Game da fenti kuwa ina tare da Injiniya ɗari bisa ɗari, har ma na fi ta tsanani. Fentin Peugeot na lokacin ba shi da kauri, layukan da aka ja a gefen kwalaye ma sau da yawa a karkace suke, kuma mai fentin mota zai mayar maka da shi ya fi sabo kyau, wanda hakan shi ne matsalar. Ko a taron L'Eroica da ake yi a Gaiole ta yankin Chianti a Italiya tun 1997, inda ake hawan kekunan da aka ƙera har zuwa 1987 masu sandunan giya a bututun ƙasa da wayoyin birki a waje, keken da yake da fentinsa na asali da tabonsa ya fi jan masu kallo a kan wanda aka sake fesawa.

Baba Ɗanladi Kano:
Ku yi ta muhawararku a kan giya, ni tayar ce ta dame ni. Wannan taya da ake mannawa da gam tif ɗinta a ɗinke yake a cikinta. Idan tsidau ya huda ta, sai an ɓamɓare ta daga rim, a farke ɗinkin, a yi faci, a sake ɗinkewa da zare da allura, a sake shafa gam a jira ya kama, kuma babu mai faci a bakin hanya daga Maraɗi har Katsina da zai yi maka wannan. Ga zafin kwalta a watan Afrilu, wanda yake sa gam ya yi laushi. Rim ɗin 700C, wato awon wilin keken tsere na yanzu, na taya mai tif awonsa ɗaya da na mai gam a inda birki yake kamawa, saboda haka a ɗaura shi a kan hob ɗin Normandy ɗin da Malam Yusufu yake so, mai sifok 36, daga nesa ba mai bambanta su. Idan wilin da yake kai yanzu na inci 27 ne, ya fi shi faɗi da milimita 8, don haka za a sauke robobin birki da milimita 4, kuma Mafac yana da wurin yin hakan. Robobin kansu a sa sababbi, domin roba mai shekara 50 ta zama dutse.

Sani Maraɗi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga inda na tsaya: ba za a taɓa firam ɗin da zarto ko wuta ko fenti ba, kirankin zai jira abin zarewa na 23.35, wuyan AVA zai koma akwati tare da duk abin da aka cire, giyar Simplex za ta zauna muddin tana aiki, wiloli kuma zan bi shawarar Baba, tare da firiwil mai babban faifai na haƙora 24 ko 26 idan giyar za ta ɗauka. Saura tsatsar da ke kan kurom da wadda nake hangowa a cikin bututun sirdi. Wani ya ce mini in sa takardar yashi mai laushi, amma hankalina bai kwanta da hakan ba.

Injiniya Hadiza:
Kada takardar yashi ta kusanci kurom ɗin, Malam Sani, domin rufin siriri ne ƙwarai kuma duk inda ta karce shi nan tsatsa za ta dawo da ƙarfinta. Ka dunƙule fallen alminiyam irin na naɗe abinci, ka jiƙa shi da ruwa, ka riƙa gogawa a hankali. Ya fi kurom laushi, don haka yana ɗauke tsatsar ba tare da ya karce shi ba, sannan ka share ka shafa kakin goge mota. Don cikin bututu, bayan an cire duk wani abu na alminiyam, ana jiƙa firam a ruwan da aka narkar da ɗan garin asid na oksalik a ciki har kwana ɗaya, a ɗauraye da ruwa mai garin baking soda, a shanya shi a rana har cikinsa ya bushe sarai, sannan a zuba man hana tsatsa a jujjuya shi ya game ko'ina. Ka sa safar hannu, kuma kada ruwan ya taɓa ragowar sitikar Reynolds, domin irinta da ruwa ake manna ta kuma jiƙa yana iya ɗaga ta. Kafin duk wannan, ka cire fok ka duba bututunsa na ciki da ƙasan bututun sama da na ƙasa daf da kwalayen gaba. Idan yatsanka ya ji ƙaramin kumburi a wurin, ko ka ga fenti ya tattare a layi, to keken ya taɓa karo ta gaba, kuma sai mun sake magana kafin ka kashe kuɗi a kan wiloli.